Ranar da Na Saci Zanen Kawu

Duk wanda ya tashi a ƙasar Kura ko Bunkure ya san yadda hanya take cika da manyan motoci idan tumatir ya nuna. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ya biyo kanal ya shigo gonakin Kadawa, sai noman rani ya kankama, direbobi suka riƙa lodin kwanduna a Kwanar Gafan suna nufar Ikko. Mu yara ba tumatirin ne ya dame mu ba. Abin da ke ɗauke mana hankali shi ne adon da ke jikin motocin, wata da zaki, wata da dawisu, wata da furanni har bisa goshinta.

Ina aji ɗaya na ƙera tawa motar da gwangwanayen madara, na yanka mata tayoyi daga tsohon silifa, na shafe ta da shuɗin fenti. Mun shirya da abokaina kowa zai fito da tasa ranar Juma'a a bakin kanal, a ga ta wa ta fi. Tawa ta yi kyau, amma ba ado ko ɗigo, ni kuwa ko da'ira ban iya zanawa ba.

To, ina da kawu mai gyaran keken ɗinki. Idan ya sake wa tsohon keke baƙin fenti, yakan mayar masa da furanninsa masu ruwan zinariya. Da na zaci da hannu yake zana su, ashe a jikin wata takarda suke zuwa. Shi yana ce musu zanen ruwa, yana ɓoye su cikin gwangwanin alewa. Ran Alhamis da ya tafi masallaci na buɗe, na tarar saura biyu tak, na zare ɗaya na ruga.

Na san dai da ruwa ake yi, iyakar sanina ke nan. Na durƙusa a bakin kanal na tsoma takardar, na ga shiru, na sa farce na soma kankara. Sai gefe ya yage. Na sake tsomawa na bar ta ta daɗe, kafin in farga furen ya rabu da takardar, ya nannaɗe kamar bawon albasa, ruwa ya tafi da shi gonar shinkafar wani. Na tsaya riƙe da farar takarda.

Abin da ban sani ba, keken da ke gaban Kawu na wata amarya ne, ran Lahadi za a kai shi tare da kayan ɗakinta, kuma furannin nan biyu nata ne, ɗaya gaba ɗaya baya. Da dare na ji yana zazzage gwangwani yana tambayar matarsa. Tuwo ya ƙi shiga. Da asuba na je na durƙusa na faɗi gaskiya.

Ya daɗe yana kallona, sa'an nan ya ce, "Ɗan nan, tun da ka iya ɓatawa, yau kai za ka manna wanda ya rage. In ka lalata shi, kai za ka je ka yi wa uwar amarya bayani."

Ya sa na ɗebo ruwan ɗumi a tasa. Ya nuna mini abu uku ne a haɗe, watau takarda a ƙasa, gam a tsakiya, zanen a sama, siriri ƙwarai. Ruwa gam ɗin kawai yake narkarwa. Na tsoma, ya ce in ƙirga ashirin in fitar, in ajiye bisa tsumma ya ƙarasa jiƙa da kansa. Ya ce kada in kuskura in ɓare, turawa ake yi. Na taɓa da ɗan yatsa, sai na ji zanen yana santsi. Muka ɗiga ruwa a jikin keken, na kanga takardar a wurin, na danne gefen furen da gashin kaza, na janye takardar a hankali daga ƙarƙashinsa. Hannuna na rawa, furen ya karkace, amma da yake akwai danshi ya yarda na daidaita shi. Daga nan na bi shi da auduga daga tsakiya zuwa gefe, ina korar ruwa da iska.

Nan na gane ko da zanen bai bi ruwa ba, da bai zauna a motata ba. Fentina duk gurji-gurji ne, iska kuwa takan maƙale a ƙarƙashi ta sa zane ya yi fari-fari. Shi ya sa Kawu yake goge ƙarfe da samfefa, ya yi fenti mai sheƙi tukuna. Daga baya malaminmu na zane ya gaya mana haka ake yi a Ingila, inda har manya suke fentin ƙananan sojoji da motocin yaƙi na roba suna wasan yaƙi bisa tebur, irin wasan Warhammer da ya fito a 1983. Tambarin da suke mannawa a kafaɗar sojan bai kai ƙwayar wake ba. Ni da na sha wuya da mai faɗin tafin hannu, na sara musu.

Ranar Juma'ar ban je bakin kanal ba. Ran Lahadi aka ɗora keke a mota, furensa ɗaya na ƙyalli a gaba. Kawu ya rage wa uwar amarya kuɗin gyara, ya ce in an kai a jingina bayan da bango. Ni kuwa na biya shi da goge ƙarfe har hutu ya ƙare.