Darasi Daga Gaiwa



A birnin Atlanta na Amurka akwai katafaren gidan kallon kifaye da aka buɗe a 2005, inda jama'a ke biyan kuɗi su kalli kifi ta bayan gilashi. Mu a Ngaski namu yana ƙofar gida: tafkin Kainji, wanda ya samu da aka kammala madatsar ruwa a 1968. A kasuwar Yauri muna ganin giwan ruwa, tarwaɗa, kurungu da minjirya mai girgiza hannun wanda ya taɓa ta.

Cikinsu duka, mun fi ƙaunar gaiwa. Idan rani ya ƙafar da fadama, takan nutse cikin laka, ta lulluɓe jikinta da yauƙi, ta bar 'yar kafar shan iska. Haka za ta yi watanni ba ci, har ruwan sama ya sauka ya tashe ta.

Da yawanmu muna cikin rani: an gama makaranta ba aiki, an yi addu'a shiru. A nan Shaiɗan yakan ce Allah ya manta da mu. Ƙarya yake yi. Zabura 40 ta nuna Dawuda ma ya jira cikin laka, Ubangiji kuwa ya fitar da shi.

Addu'a da zumunta su ne kafar numfashinmu. Kada mu bari ta toshe. Ubangiji ya riƙe mu har damina ta zo. Amin.