Filinmu na Hutu a Gwantu

Duk ƙarshen shekara, da zarar an rufe makaranta, sai mu ɗau jaka mu nufi gida Gwantu. A da, wani fili ne bayan gidajenmu ke ɗaukar raye-rayen Kirsimeti da wasannin Salla, ba a tambayar kowa addininsa. Tun da garin ya zama hedkwatar Ƙaramar Hukumar Sanga, ƙasa ta yi daraja. Hutun bara muka tarar an yanka filin fuloti-fuloti, har da sare ɗorawar da muke shan inuwarta. Ba mu ƙi gini ba, mu ma ɗaki muke nema. Sai dai ƙannenmu yanzu a bakin titin Akwanga zuwa Jos suke ƙwallo, tireloli na wucewa, iyaye mata na leƙowa, gabansu na faɗuwa.