Karatun Baki Da Karatun Zuciya

A cikin ɗaliban aji ɗaya na sashen Hausa akwai wani saurayi wanda in malami ya ce ya tashi ya karanta, sai aji ya yi tsit. Muryarsa garau take, ba ya in'ina, ba ya haɗiye harafi. Amma da sakamakon zango na farko ya fito, sai ga shi ya faɗi a darussa uku, an kuma gargaɗe shi cewa in ya sake, sai gida. Gidan nan kuwa, sai da mahaifinsa ya sayar da ɗan maraƙinsa da rabin geron da ya noma kafin a haɗa kuɗin rajista.

Allah ya sa ɗakinsu ɗaya da wani magidanci ɗan aji huɗu, wanda ya daɗe yana koyarwa a firamare kafin ya shigo jami'a, don haka kowa Malam yake ce masa. Malam ya lura yaron ba rago ba ne, domin yakan kai tsakar dare bisa littafi, yatsa na bin layi, leɓɓa na motsi. Wata rana ya ji shi ya zo kan jumlar da ke maganar mace ta auna gari, sai ya furta kalmar da gajeren wasali, watau garin da mutane ke zaune, ya wuce abinsa ko a jikinsa. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Ma'ana ce ke gaya wa mai karatu ko kuka itace ce, ko kuwa ta hawaye. Wanda ya auna birni a mudu bai tsaya ba, lalle ba ya tare da abin da yake karantawa.

Kashegari Malam ya miƙa masa Magana Jari Ce, littafi na ɗaya, na Abubakar Imam, ya ce ya karanta farkonsa. Yaro ya karanta tiryan-tiryan. Malam ya karɓe littafin ya ce, "To, ƙanena, don me aku yake ta ba Musa labari?"

Yaro ya yi shiru, sa'an nan ya fara maido da jumlolin da ya haddace.

Malam ya ce, "Ba hadda na tambaye ka ba. Me akun yake gudu?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi, Malam, ban sani ba. Haka nake tun ina firamare. Ina kaiwa ƙarshen shafi, sai in ji kamar ban taɓa ganinsa ba."

Ga shi kuwa ginshiƙin littafin ke nan: Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, Waziri ya ƙulla makirci, aku na jan Musa da labari don kada ya fita daga fada ya faɗa hannun maƙiya.

Malam bai yi mamaki ba, domin ya san inda aka haifi wannan ciwo. Tun da aka soma shirin ilmin firamare kyauta a 1976, yara suka yi wa malamai yawa a makarantu da dama. Malami guda a gaban aji maƙil ba shi da dabarar da ta wuce ya faɗa su amsa. Yaro mai kaifin hadda sai ya yi ta haye aji, ba wanda ya taɓa tsayar da shi ya ce, "Me ka gane?"

Suka yanke sa'a guda kullum bayan sallar lisha. Malam ya ɗauko tsarin makarantar zaure, inda almajiri kan karanta ɗan guntu, a tsaya a warware ma'anarsa kafin a ci gaba. Yaro ya karanta sakin layi ɗaya, ya kife littafi, ya faɗi abin da ya ji da bakinsa, kamar yana ba kakarsa labari. Ya amsa tambayoyi uku: wa ya yi, me ya yi, don me? Duk inda ya ci karo da "shi" ko "ita", sai ya nuna mai sunan. Ya ja layi ƙarƙashin "amma" da "domin" da "duk da haka", waɗanda a da yake tsallakewa don ƙanƙantarsu, alhali su ne ke nuna inda marubuci ya juya. Baƙuwar kalma kuwa, sai ya yi mata kintace daga maƙwabtanta, sa'an nan ya duba ƙamusun Bargery na 1934 ya ga ko ya dace.

Abin bai tafi sumul ba. Wasu 'yan ajinsu suka gan shi da littafin, suka ce ya koma firamare. Ya yi mako guda yana kauce wa Malam, shi kuwa bai ce masa uffan ba, ya dai bar littafin bisa gadonsa. Ran na takwas ya ɗauka da kansa.

Wani dare Malam na kwance, sai ya ji yaro ya tuntsire da dariya shi kaɗai. Ruwan Bagaja ne a hannunsa, ya kai inda Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke rama wa juna tsiya. Malam ya juya bango yana murmushi, domin ba a yi wa abin da ba a gane ba dariya. Daga nan suka koma littattafan nazari, inda ya koya masa ya mai da kanun babi tambaya, ya shiga karatu yana neman amsarta.

A jarrabawar zango na biyu bai zo na ɗaya ba, bai ma kusa ba, amma ya haye duka darussan.

Irinsa suna nan a kowane aji, galibi a cikin masu shiru da masu daɗin murya, kunya ce ke rufe su. Malami ko ɗalibi da ke son gano su ba ya bukatar wani kayan aiki. Ya bari su kai ƙarshen shafi, ya karɓi littafin, ya ce su ba shi labari.