Rumbun Aro

Duk wanda ya tashi a Adar ya san ba a daka a cikin rumbu. Uwargida kan sa a ɗebo damin da za a ci, ta sussuke, ta sheƙe, ta ajiye tsaba kusa da turmi. Sauran hatsi na can cikin rumbun ƙasa, sai an hau an buɗe. In da kowane tafin gero sai an koma rumbu, to ranar ba fura, ba tuwo. Da wannan ilimi na gidanmu a Afala na fahimci matsalar da ta kusa raba ɗan ƙanwata da sana'arsa.

Yaron ya yi cin rani a Abijan, ya dawo da tsohuwar kwamfuta, ya kama shago a Tawa inda samari ke biya su yi wasa. Wasan ƙwallo na tafiya lafiya. Amma da an sa GTA V, sai hoto ya riƙa sandarewa yana fizga, faifan ajiya na gurnani, masu wasa su nemi kuɗinsu.

Kwamfuta na da ƙwaƙwalwar aiki, wadda ake kira RAM. Ita ce bakin turmi. Idan ta cika, sai na'urar ta ari wuri a faifan ajiya, ta kwashe abin da ba a taɓawa ta jibge can. Wannan rumbun aro shi masu sana'ar ke kira suwaf, kuma dabarar ta samo asali ne daga kwamfutar Atlas ta Jami'ar Mancesta a Ingila, a 1962. Aibinsa nisa: tsohon faifai mai juyawa ya fi RAM jinkirin amsawa sau dubbai. Shi kuwa GTA V, masu shi sun ce gigabait 4 ne mafi ƙaranci, 8 suka fi so. Ta yaron 4 ce cif, ga Windows na cin rabonsa.

"Kawu, in rufe rumbun mana, mu huta?"

Na ce a'a, ɗana. Wanda ya rushe rumbu bai ƙara faɗin turmi ba. In RAM ta cika babu wurin kwashewa, wasan rufewa zai yi gaba ɗaya.

Ga abin da muka yi. Muka buɗe Task Manager ana cikin wasa, muka ga RAM ta cika maƙil, faifai na aiki ɗari bisa ɗari: shaida ke nan. Muka sa faifan SSD, wanda ba ya juyawa, muka mai da fayil ɗin aron, pagefile.sys, kansa, muka bar wa Windows ƙayyade girmansa. Sannan aka kafa doka: a rufe shafukan intanet kafin mai wasa ya zauna, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Masu Linux na da wani makunni, vm.swappiness, wanda yawanci kan zo a kan 60. Rage shi zuwa 10 na sa na'ura ta rage gaggawar kwashewa. Suna kuma da zram, mai matse kaya cikin RAM kanta, kamar yadda Windows ke yi tun 2015.

Fizgar ta ragu, ba ta ƙare ba, kuma a nan darasin yake. Mu da muka ga yunwar 2005 mun san hatsin aro kan kai mutum kaka, amma ba ya zama gona. Yaron ya yi tari har ya sayi ƙarin gigabait 4. Rumbun aron bai rufe shi ba. Yana nan, ba a cika buɗe shi ba, kuma haka ake son rumbu a gidan da abinci ya wadata.