Girinic, tudun da jiragen ruwa ke ɗaukar lokaci

A kudu maso gabashin Landan, kusa da kogin Tamiz, akwai wani tudu da ake kira Girinic. A bisansa ne Sarki Sharl na 2 ya sa aka gina gidan nazarin taurari cikin 1675, domin agaza wa matuƙan jiragen ruwa da ke halaka saboda rashin sanin inda suke.

Baƙon da ya hau tudun zai tarar da wani layin ƙarfe shimfiɗe a farfajiya. Daga nan ake ƙirga gabas da yamma, bisa shawarar taron ƙasashe 25 a Washinton cikin 1884. Layin ya ratsa Faransa, Mali, Burkina da Gana, ya bar Nijar a gabas. Agogon Yamai kuwa yana gaban na Girinic da awa guda.

Mene ne haɗin tudun da teku? Da rana ta take tsaka, matuƙi kan ɗauki na'urar da ake kira sekistan, ya auna tsayin rana daga inda sama ta taɓa ruwa. Sai ya duba kundin lissafin taurari, wanda aka soma bugawa domin shekarar 1767, ya san nisansa arewa ko kudu. Sanin gabas da yamma kuwa sai da agogo mai riƙe da lokacin Girinic. Duniya na juya digiri 15 kowace awa. Idan rana ta take tsaka bisa jirgi alhali agogon na nuna ƙarfe 2, to jirgin na yamma da digiri 30. Kuskuren daƙiƙa 4 kacal kan kai kusan kilomita 2.

Cikin 1707 jiragen yaƙin Ingila 4 suka afka wa duwatsun tsibiran Sili, mutum fiye da 1400 suka rasu. Cikin 1714 majalisar ƙasar ta yi alkawarin fam dubu 20 ga wanda ya warware matsalar. Wani kafinta, Jon Harison, ya ƙarar da rayuwarsa wajen ƙera agogon da tangaɗin teku ba ya rikitawa. Na huɗunsu, da aka jarraba a hanyar Jamaika cikin 1761, ya cika alkawari. Agogunan na adane a Girinic.

Bisa rufin gidan akwai jar ƙwallo. Tun 1833 aka soma sakinta da ƙarfe 1 na rana daidai, domin jiragen kogi su daidaita agogunansu kafin su fita teku.

Yau taurarin ɗan Adam ke nuna hanya, amma ana iya toshe saƙonsu. Shi ya sa makarantar sojan ruwan Amurka ta maido da koyar da wannan ilimi cikin 2015. Hausawa sun ce rana ba ta ƙarya. A teku, sai dai agogo ya yi.