Ganye Ma Yana Da Kaifinsa

Sau da yawa akan ji mutane suna cewa, “Ai maganin gargajiya ganye ne kawai, in bai yi magani ba, ba zai cuce ka ba.” Wannan magana tana da daɗin ji, amma tarihin maganin daskarewar jini bai goyi bayanta ba.

A shekarun 1920 manoma a Kanada da arewacin Amurka suka rasa gane kan wata annoba. Sai a yi wa sa fiɗiya ko a yanke masa ƙaho, jini ya yi ta zuba har ya mutu. Da aka bi diddigi, ashe wata harawa ce da ta yi fumfuna shanun suke ci. A wajen 1940 Karl Link da abokan aikinsa na Jami'ar Wisconsin suka gano sinadarin da ke cikinta. Daga nan aka samo warfarin, wanda aka fara sayarwa a 1948 don kashe ɓeraye, aka kuma yarda a ba mutane shi a 1954. Har Shugaba Eisenhower an ba shi bayan ya yi ciwon zuciya a 1955. Watau ciyawar da ta kashe shanu ita ce uwar maganin da ke ceton rayuka, muddin an auna.

To, awon nan shi ne matsalar. Wanda likita ya ɗora a kan warfarin ko asfirin, jininsa ya riga ya rage saurin daskarewa. In ya ƙara da ƙwayoyin tafarnuwa ko na citta da ake tallatawa, ko wani jiƙo da bai san abin da ke ciki ba, yana iya fara haɓo, ko dasashinsa ya riƙa jini, ko kuwa jinin ya tsinke a ciki inda ido ba ya gani. Ɗan abin da ake sa wa miya ba shi ne abin tsoro ba. Ganyaye irin su alayyahu kuwa suna da bitamin K, wanda ke rage ƙarfin warfarin, don haka ba a son a ci da yawa yau, gobe a bari. Saboda irin wannan ne likitoci kan ce a dakatar da magungunan ganye kamar mako 2 kafin a yi wa mutum aiki.

Alhali kuwa akwai maganin da ba a sayensa. Duk sa'ad da mutum ya taka, naman sha-raɓarsa yana matsa jijiyoyi, ya tura jini sama zuwa zuciya. In ya daɗe a zaune, jinin yakan kwanta, har ya yi gudaji, gudajin kuma yana iya ɓallewa ya toshe huhu. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa zaman awa 4 ko fiye a cikin tafiya yana ninka wannan haɗari kusan sau biyu. Ina ga fatake masu kwana a mota daga Legas zuwa Kano? In an tsaya salla ko cin abinci, kamata ya yi kowa ya sauka ya miƙe ƙafa.

Hukumar ta kuma ba da shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, kamar tafiya da sauri ko hawan keke. Minti 30 ke nan a kwana 5. Mai ciwon zuciya ya fara da izinin likita, a hankali, don sannu ba ta hana zuwa. Mai shan jiƙo kuma, in ya shiga wurin likita, kada kunya ta hana shi ajiye kwalbarsa a kan tebur.