Inda Ake Sayen Rana da Kuɗi

Yuro 230 aka rubuta a jikin fitilar, kuma har yau abin yana yi mini ciwo. Ba fitilar ɗaki ba ce, ba ta mota ba. Wata 'yar siririyar sandar alminiyam ce mai tsawon santimita 60, ana ɗora ta a bakin akwatin gilashin kifi domin tsirran da ke cikin ruwa su sami haske. A wani shagon kifayen ado na gan ta, a nan Hamburg. Akwatin da za ta haska, da matacin ruwansa da hitarsa, duka a haɗe ba su kai rabin kuɗinta ba. In aka juya kuɗin zuwa Naira, sun haura albashin wata 4 na ma'aikacin da ke kan mafi ƙarancin albashi, Naira 70,000 ɗin nan da aka tsayar a 2024. Da na faɗa wa ƙanina a waya sai ya yi shiru, can ya ce, "Yaya, ai da wannan kuɗin sai in haɗa maka sola da batir, har fanka ta juya."

Gaskiya ya faɗa. Sai dai shi yana Kano, inda rana ba ta fashi, wuni ba ya kasa awa 11, ba ya kai 13, rani da damina. A Hamburg kuwa, a watan Disamba wunin duka awa 7 da rabi ne, shi ɗin ma yawanci gajimare ya lulluɓe shi. A watan Yuni kuma ya miƙe har awa 17. Duhun hunturun nan ne ya sa na nemi wani abu kore mai rai da zan riƙa kallo a ɗaki, kuma shi ne ya sa masu akwatin kifi ba sa dogara da taga a garin nan. Duk tsiron da zai rayu a cikin akwatin, sai an saya masa ranarsa.

Yadda muke yi a gida kowa ya sani. Mai yankan gilashi ya haɗa maka akwati, a sa dogon ƙwai ɗaya a murfi, a jera furannin roba, a zuba jajayen kifaye. Ban raina wannan ba, yana ƙawata falo kuma ba ya cin aljihu. Amma furen roba ba ya cin haske, tsiro mai rai kuwa haske ne abincinsa, daga nan lissafi yake farawa. Ko dogon ƙwan da muka saba da shi ya fara ɓacewa a shagunan nan, domin tun watan Agustan 2023 Tarayyar Turai ta hana shigar da sababbin dogayen ƙwayaye na yau da kullum, T5 da T8, cikin kasuwa saboda zaibar da ke cikinsu. LED ce ta rage, kuma a cikinta akwai ta Yuro 20, akwai ta 230.

Lissafin ba shi da wuya. Kamfanin Tropica na ƙasar Danmak, wanda ya yi suna wajen renon tsirran ruwa, ya raba su gida uku. Masu sauƙi suna son lumen 10 zuwa 20 a kowace lita ta ruwa, matsakaita 20 zuwa 40, masu wuya fiye da 40. Lumen ɗin a jikin kwalin kowace fitilar kirki yake a rubuce. Akwati mai tsawon santimita 60, faɗi 30, tsayi 30, lita 54 yake ɗauka. Ke nan masu sauƙi lumen 540 zuwa 1,080 ya ishe su. LED ta yanzu takan ba da kusan lumen 100 a kowane wat, saboda haka fitila mai wat 10 ta gama magana. A duba kuma launin hasken: Kelbin 6,500 ko kusa da haka shi ne farin hasken tsakar rana, yana fito da koren ganye yadda yake. Mai Kelbin 2,700 tsiro zai girma a ƙarƙashinsa, sai dai ruwan zai yi rawaya a ido.

Masanan abin za su ce lumen awon idon mutum ne, ido kuwa kore ya fi gani, alhali ganye ja da shuɗi ya fi sha. Haka ne. Suna da nasu awon da suke kira PAR, da na'urarsa mai tsada da ake nutsarwa har ƙasan akwati. Amma ruwan da zurfinsa bai wuce santimita 30 ba, haske ba ya shan wahalar isa ƙasa, lumen ɗin ya wadatar.

To me ya kai waccan 230? Na koma na tambaya, domin abin ya ƙi barin raina. An yi ta ne don wani salo daban, wanda Takashi Amano, ɗan Japan mai ɗaukar hoto da ya rasu a 2015, ya yaɗa a duniya: ƙasan akwati shimfiɗe da gajeriyar ciyawa, duwatsu a tsare, jajayen tsirrai a baya. Irin wannan yana son haske mai ƙarfi, ninki huɗu ko biyar na abin da na lissafa, kuma dole a haɗa masa tukunyar iskar CO2 da taki kusan kullum. Fitilar tana da ƙwayoyi ja da kore da shuɗi, ana sarrafa ta da waya, tana ƙaruwa a hankali da safe, tana dusashewa da yamma don kada kifi ya firgita. Na tsaya gaban akwatin da aka haska da ita, kuma ba zan ɓoye ba, na yi sha'awa. Jan ganyen nan da ƙananan kumfar iska da ke tashi daga jikinsa, ban taɓa ganin irinsu a wani falo a gida ba. Har da hassada na ji.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne ana nuna ta ga wanda ya zo fara kiwo jiya-jiya. Haske a akwatin tsirrai kamar wutar murhu yake, taki da iskar CO2 su ne cefanen. Ka zuga wuta alhali tukunya babu komai, ƙonewa za ta yi. Ƙonewar a nan ita ce gansakuka: ta rufe gilashi, ta nannaɗe ganye, ruwa ya koma kore. Mutum ya biya kuɗi mai yawa, sannan ya dawo yana rage hasken zuwa kashi 30 cikin 100 domin ya tsira da tsirransa. Ga kuɗin wuta, wanda a Jamus yake kai santi 35 zuwa 40 kowane yunit. Mai wat 10 da ke ci awa 7 kullum, kusan Yuro 10 take sha a shekara. Mai wat 50 a awa 8, ta haura Yuro 50.

Alfahari ya zo mini ne da na fara karanta sunayen da ke jikin ƙananan tukwanen tsirrai a shagon. Tsiron da ake fara ba kowane sabon shiga, Anubias barteri, ɗan yankinmu ne. A bakin rafukan dajin kudancin Najeriya da Kamaru yake fitowa, manne da dutse, a inuwar manyan itatuwa. An sa masa sunan Charles Barter, mai tattara tsirrai da ya biyo tawagar wani Bature mai suna Baikie zuwa Kogin Kwara a 1857, ya rasu a Raba ta ƙasar Nufe a 1859. Ƙaramin nau'insa, nana, daga Kamaru aka fito da shi. Akwai Bolbitis, shi ma ɗan Afirka ne mai son inuwa. Waɗannan haske kaɗan suke so, in aka matsa musu sai ɗige-ɗigen gansakuka su cika tsofaffin ganyen, domin a hankali suke girma. Ba a binne kaurin saiwarsu a yashi, ruɓewa take yi. A ɗaure ta da zare a jikin dutse ko itace, da kanta za ta kama.

Sai bado. Wallahi bado, wanda muka taso muna gani ya rufe kududdufai bayan damina, ana sayar da ɗan kansa a nan cikin leda da sunan Nymphaea lotus, har da mai jan ganye. A akwati yana yin kyau ƙwarai a matsakaicin haske, amma in aka bar shi sai ya tura ganye saman ruwa ya yi wa kowa inuwa. Wanda yake son ya zauna a ƙasa, ya riƙa yanke duk ganyen da ya nufi sama. Kainuwa kuwa ba ma a samun ta: tun Agustan 2024 an hana sayar da ita a Tarayyar Turai, an sa ta cikin baƙin tsirran da ake tsoron su mamaye koguna. Ga shi kuwa tana cikin mafi amfani ga ƙaramin akwati, tana tace hasken da ya yi yawa, saiwoyinta suna shanye dattin da gansakuka ke ci. Mu da muke da ita kyauta, ko kallonta ba ma yi.

Wanda zai ɗebo kainuwa ko bado daga kududdufi ya yi hattara da abu ɗaya. Ƙananan dodon-koɗin ruwan kwance su ne ke ɗauke da tsutsar tsargiya, kuma ta fata take shiga. A sa safar hannu ta roba, a wanke tsiron sosai, a ajiye shi a bokiti daban na 'yan makonni ana tsince duk dodon-koɗin da ya bayyana da ƙwansa, kafin ya shiga akwati.

Akwai abin da Bajamushe ya fi mu, kuma ba fitilar 230 ba ce. Wata 'yar na'ura ce ta Yuro 5 da ake sokawa a soket, tana kunna fitila tana kashewa a kan lokaci. Tsiro ya fi son ƙa'ida a kan yawa: awa 6 kullum a sabon akwati, bayan wata guda ko biyu a ƙara zuwa 7 ko 8, lokaci ɗaya kowace rana. Na'urar tana aiki ne domin wuta ba ta ɗaukewa. Wannan kam ina jin zafinsa. A gida yau a kawo wuta awa 3, gobe 14, jibi a kwana a wuni babu, kuma ba abin da gansakuka ke so irin wannan hargitsi. Ina kuma sha'awar ƙungiyoyinsu. Masu kiwon kifin ado a Jamus suna da haɗaɗɗiyar ƙungiya tun 1911, a garuruwa ana haɗuwa ana musayar yankan tsirrai da 'ya'yan kifi a kuɗi kaɗan, dattijo ya dubi hoton akwatinka ya ce rage awa ɗaya, kuma maganarsa ta zama daidai.

Duk da haka, wanda ke gida ba a bar shi hannu sake ba, kuma a nan nake ganin dabararmu ta fi tasu araha nesa ba kusa ba. Igiyar LED fara mai bolt 12, irin wadda masu kayan wuta ke yankawa da mita, kai tsaye take aiki da batir. Wat 10 na awa 7 bai kai kashi ɗaya cikin goma na yunit ba. Batir mai amfiya 18 da ƙaramin faifan sola mai wat 30 sun ɗauke ta ba tare da an jira kowa ba. A nemi igiyar da aka rufe da roba saboda tururi, a manna ta a jikin sandar alminiyam domin ta sha zafin, in ba haka ba da wuri take dusashewa. Na'urar lokaci kuma a sayi mai lambobi da ƙaramin batir a ciki. Mai juyawa da haƙora tsayawa take yi duk lokacin da aka ɗauke wuta, lissafinta ya rikice. Farar fitilar tsakar gida mai wat 10, wadda aka rubuta IP65 a jikinta, ita ma tana yi, sai dai haskenta a dunƙule yake, a rataye ta sama da ruwa kamar taƙi ɗaya ko biyu domin ya bazu. Wayar kowace fitila a bar ta ta sauko ƙasa da soket kafin ta hau, yadda ɗigon ruwa zai zuba a ƙasa maimakon ya bi ta cikin wuta.

Ranar tamu fa? Ana iya cin moriyarta, amma da hankali. A ajiye akwati a inda haske ke shigowa sosai, rana kuwa ba ta dukan gilashin, kamar inuwar baranda. In ta doke shi kai tsaye, cikin 'yan kwanaki ruwan zai zama kore. Ga zafi: a watan Afrilu da Mayu Kano tana haura digiri 40, tsirran nan kuwa tsakanin 22 da 28 suka fi walwala, daga 30 zuwa sama wahala suke sha, kifin ma iska take yi masa ƙaranci. Nan Bajamushe hita yake biya wa kuɗi, mu sanyaya ruwa ne aikinmu. A buɗe murfi, a sa 'yar fanka tana hura saman ruwan, a riƙa cika abin da ya ƙafe. A wannan lokaci LED ta fi dogon ƙwai, domin ba ta ƙara wa ruwa zafi sosai.

Ni dai ta Yuro 25 na saya, mai wat 11 da maɓallin ragewa, kuma maɓallin nan shi ne abin da zan ce kada a sayi fitila babu shi. Sauran kuɗin da ban kashe ba har yanzu ina jin nauyinsu duk lokacin da na wuce gaban shagon na hango jajayen ganyen nan, wani lokaci in ce almubazzaranci ne, wani lokaci in ce wata rana.

Bayan an kunna, tsirran ne za su faɗi ko an dace. In kara ya yi tsawo ya rame, tazarar ganye da ganye ta yi nisa, na ƙasa suna zubewa, haske ya yi kaɗan: a ƙara rabin awa ko a sauko da fitilar. In ɗige-ɗige kore masu tauri suka fito a gilashi da ganyen Anubias, ko zare-zare suka fara rataya, ya yi yawa: a rage awa ɗaya ko a ɗaga ta. Ƙura-ƙura mai ruwan ƙasa a sabon akwati ba laifin fitila ba ne, takan tafi da kanta cikin 'yan makonni. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, a jira mako biyu a ga sakamako. Wanda ke gida kuma, a lokacin hunturu ya riƙa goge gilashin murfi da fuskar fitilar duk mako kafin ya yanke hukuncin cewa haskenta ya gaza, domin ƙurar da ke kwanciya a kai tana tare haske mai yawa.